Ribas ɗin jirgin sama da dalilin barinsa a kulle idan matsin mai ya ɗauke

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, na Kano zuwa Legas ne ko na alhazai zuwa Jidda, ya san rugugin nan da ke tashi da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa, har mutum ya ji kamar ana tura shi gaba daga kan kujera. Rugugin ribas ne, wato na'urar da ke juya iskar da inji ke fesawa baya ta koma gaba don jirgi ya rage gudu. Fasinjoji da yawa sun ɗauka shi ne birkin jirgi. Shi ya sa duk ranar da jirgi ya zarce titinsa ya yi haɗari, tambayar da ke fara fitowa daga bakin mutane ita ce ko ribas ya buɗe, in kuma bai buɗe ba, me ya hana shi. Amsar da aka fi ji ita ce man haidirolik ya zube, ko matsinsa ya ɗauke. Amsar tana da gaskiyarta, domin ribas ɗin mafi yawan jirage ba ya motsi sai da wannan matsi. Sai dai ana faɗinta kamar wani sakaci ne aka kama masu ƙera jirgi da shi, alhali da gangan suka tsara shi ya zauna a kulle idan matsi ya tafi. A ganina sun yi daidai, kuma abin da ya faru a haɗurra da dama yana bayansu.

Injin jirgin fasinja na zamani ba ya juyawa da baya. Babbar fankar da ke bakinsa tana zuƙo iska, mafi yawanta ta bi ta gefe ba tare da ta shiga wurin ƙona mai ba, kuma wannan iskar ce ke ba jirgi mafi yawan ƙarfin tafiyarsa. Idan matuƙi ya ɗaga libar ribas, sai murfin bayan injin ya zame baya, wasu ƙananan ƙofofi su tare hanyar iskar daga ciki, ta rasa mafita sai ta wasu tagogi da aka karkata bakinsu zuwa gaba. Zazzafar iskar da ke fitowa daga tsakiyar injin kuwa tana nan tana tura jirgi gaba abinta, don haka ƙarfin ribas bai taɓa kamo ƙafar ƙarfin tafiya gaba ba. Abin da ke ture wannan murfi mai nauyi shi ne man da famfo ke matsawa cikin bututu, irin dai wanda ke ɗaga bodin tifa ta juye yashi. A yawancin jiragen fasinja matsin yakan kai kusan kilo 210 a kan kowane santimita ɗaya murabba'i. Bututu ya fashe ko famfo ya tsaya, tifa ba za ta ɗaga bodi ba, murfin inji ma ba zai zame ba.

Masu ƙera jirgi sun san da haka, shi ya sa ba su rataya komai a kan layin mai ɗaya ba. A jirgin Boeing 737, wanda kamfanonin Najeriya ke yawan jigila da shi, akwai manyan layuka biyu, A da B, da na uku na ko-ta-kwana. Ribas ɗin injin hagu yana shan mai daga layin A, na dama daga layin B. Kowane babban layi yana da famfo biyu, ɗaya inji ne ke juya shi, ɗaya lantarki. Idan layi ya mutu, na ko-ta-kwana zai iya buɗe ribas ɗin wannan gefe, sai dai a hankali, don haka gefe ɗaya kan riga ɗaya kamawa, matuƙi ya ji jirgi yana ja masa gefe. Kuma matsin mai sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa da dama. Ana buƙatar lantarkin da zai buɗe bawul ɗin man. Ana buƙatar jirgin ya tabbatar wa kansa yana ƙasa, ko bai fi ƙafa 10 daga ƙasa ba. Sannan ana buƙatar injin da ke da rai, domin murfin da ya buɗe a jikin mataccen inji ba shi da iskar da zai juya.

Abin da ɗaukewar matsi ke haifarwa ya danganta da inda ta riski murfin. In ta same shi a rufe, sakatu sun riƙe shi, babu abin da ya faru sai rashin taimakonsa. In ta same shi a buɗe, ba zai rufu ba. Mafi muni shi ne ta same shi a tsakiyar hanya, kuma an ga haka a garin Cranbrook na ƙasar Kanada ranar 11 ga Fabrairun 1978. Jirgin Boeing 737 na kamfanin Pacific Western ya taso daga Calgary, ya sauka cikin dusar ƙanƙara, matuƙa suka ɗaga libar ribas, sai ga motar share ƙanƙara a gabansu a kan titi. Suka mayar da liba, suka ba injina wuta don su sake tashi. Sun kuwa tsallake motar. Amma jirgin ya bar ƙasa kafin ƙofofin ribas na hagu su gama rufuwa, kuma tsarin jirgin a wancan lokaci shi ne da zarar tayoyi sun ɗaga sai a yanke man da ke zuwa wa ribas. Ƙofofin suka tsaya ba a rufe ba, ba kuma mai da zai ƙarasa rufe su, iska ta ci gaba da ɓamɓare su har suka buɗe gaba ɗaya. Injin dama yana tura jirgi gaba, gefen hagu yana riƙe shi. Ya kife ta hagu ya faɗi, mutum fiye da 40 daga cikin 49 suka rasu. Wannan haɗari na cikin dalilan da suka sa ake koya wa matuƙa ƙa'ida mai tsauri: in ka taɓa ribas ka gama sauka, kada ka sake tashi. A lura, abin da ya hallaka mutanen Cranbrook ribas ne da ya buɗe a inda bai kamata ba.

Shekara 13 bayan haka aka ga irin wannan a sama can. Ranar 26 ga Mayun 1991 jirgin Boeing 767 na kamfanin Lauda Air ya tashi daga Bankok zuwa Viyana da mutum 223. Kimanin minti 15 da tashi, yana hawa a tsayin da ya haura ƙafa 24,000, ribas ɗin injin hagu ya buɗe da kansa. Iskar da aka juyo ta lalata ƙarfin ɗagawar fiffiken hagu, jirgin ya jirkice, ya sulmiyo da gudun da ya fi ƙarfin jikinsa, ya tarwatse a kan dazukan Tailan. Ba wanda ya tsira. Masu bincike sun ƙiyasta cewa matuƙan ba su da fiye da daƙiƙa huɗu zuwa shida su yi abin da ya dace kafin jirgin ya kuɓuce musu. Abin da aka fi zargi shi ne bawul ɗin da ke nuna wa man hanyar da zai bi, ko datti ya shige shi ko wayar lantarki ta haɗu ta motsa shi. Kafin wannan rana an ɗauka matuƙi zai iya riƙe jirgin ko da ribas ya buɗe a sama, saboda gwajin da aka yi an yi shi ne a ƙaramin gudu, ba a irin wannan tsayi ba. Mai kamfanin, tsohon zakaran tseren motoci Niki Lauda, ya matsa wa Boeing lamba har aka yarda cewa ba laifin matuƙa ba ne. Hukumar jiragen saman Amurka ta tilasta ƙara wata sakata mai zaman kanta a kan ribas, wadda kuskuren bawul ɗaya ba zai iya zare ta ba. Ga ma'aunin da injiniya ke dubawa ke nan. Ribas ya ƙi buɗewa a ƙasa, jirgi na da birki da sauran dabaru. Ya buɗe a sama, babu dabara.

Wani zai iya cewa wannan taka-tsantsan ma ya ci rai, kuma bai yi ƙarya ba. A birnin Warso na ƙasar Poland, ranar 14 ga Satumban 1993, jirgin Airbus A320 na Lufthansa ya sauka cikin ruwan sama da iska mai ƙarfi. Ya dira a kan tayoyin gefe ɗaya, sai bayan daƙiƙa tara ɗaya gefen ya ɗauki nauyi. A tsawon wannan lokaci na'urar jirgin ba ta yarda an sauka ba, ta ƙi sakin ribas, ta ƙi ɗaga allunan da ke miƙewa a saman fukafukai. Matsin mai yana nan cikakke, matuƙi yana jan liba, makulli ya hana. Jirgin ya ƙure titi ya bugi tudun ƙasa, mutum biyu suka rasu daga cikin 70. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma kamfanin Airbus ya gyara ma'aunin da jirgi ke gane sauka da shi bayan haɗarin. Amma gyara ma'auni aka yi, ba a cire makullin ba, domin wanda ya cire shi don gudun Warso ya buɗe ƙofar Bankok. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Dalilin da ya sa za a iya jure rashin ribas shi ne ba shi ke tsayar da jirgi ba. Birkin tayoyi ne ke yin mafi yawan aikin, da taimakon allunan saman fukafukai, waɗanda ke kashe ƙarfin ɗagawa su danna nauyin jirgi a kan tayoyi don birki ya kama. Idan ana lissafin tsawon titin da jirgi ke buƙata don sauka a busasshen titi, ba a ma saka ribas a lissafin, ƙari ne kawai. Amfaninsa yana fitowa ne a titi mai santsi, na ruwa ko na ƙanƙara, da kuma daƙiƙun farko lokacin da jirgi ke da gudu sosai. Shi ya sa doka ta yarda jirgi ya yi 'yan kwanaki yana jigila da ribas ɗaya a ɗaure kafin a gyara. Za a kawo mini misalin filin Congonhas na birnin Sao Paulo a Birazil, inda ranar 17 ga Yulin 2007 jirgin A320 na kamfanin TAM mai ribas ɗaya a ɗaure ya zarce jiƙaƙƙen titi, ya tsallaka hanyar mota ya faɗa wani gini, mutum 199 suka mutu. To amma jirgin ya sha sauka a haka lafiya kafin wannan dare. Abin da bincike ya gano shi ne libar injin dama, mai ɗaurarren ribas, an bar ta a matsayin hawa sama. Injin ya ci gaba da tura jirgi gaba, allunan fukafukai ba su miƙe ba, birkin da ke kama kansa bai kama ba. Rashin ribas ya jawo ruɗani a ɗakin tuƙi, wannan gaskiya ne, kuma darasi ne ga masu horar da matuƙa. Amma injin da ke ci da wuta a kan gajeren titi ne ya yi kisan.

Idan kuma matsin ya ɗauke gaba ɗaya a dukkan layuka, maganar ribas takan koma ƙarshen layi. A ranar 19 ga Yulin 1989 fankar injin wutsiya ta jirgin DC-10 na kamfanin United ta fashe ta yanke layukan mai uku duka. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa suka rasa abin juya jirgi sai ƙara wa wannan inji wuta a rage wa wancan. Sun kai shi filin Sioux City a Amurka, amma da gudun kusan kilomita 400 a sa'a, ba abin rage gudu a fukafukai, ba hanyar ɗaga hanci a daƙiƙar ƙarshe. Fiffiken dama ya fara bugun ƙasa, jirgin ya kakkarye. Mutum 184 sun tsira daga cikin 296, wanda shi kansa abin al'ajabi ne. Jirgin da ya karye a wurin dira bai kai ga lokacin jan ribas ba.

Wannan ya kawo mu haɗarin da ya tayar da muhawarar a 'yan shekarun nan, na filin Muan a Koriya ta Kudu, ranar 29 ga Disamban 2024. Jirgin Boeing 737-800 na kamfanin Jeju Air ya taso daga Bankok da mutum 181. Ya yi karo da garken tsuntsaye yana shirin sauka, matuƙa suka fasa, suka zagayo cikin gaggawa suka sauko ta ɗaya bakin titin, ba tare da tayoyi sun fito ba. Jirgin ya dira da cikinsa bayan ya bar wani babban ɓangare na titin a baya, ya yi ta jan ciki da gudu har ya fita, ya daki tudun kankare da aka dasa eriyar jagorar sauka a kansa. Mutum 179 suka rasu, ma'aikata biyu da ke zaune a can baya suka tsira. Duniya ta ga bidiyon, kuma a cikinsa murfin injin dama ya yi kama da wanda ya zame baya. Nan take mutane suka kasu biyu. Wasu suka ce ga shaida, akwai matsin mai, don haka babu uzurin ƙin fitar da tayoyi. Wasu suka ce a'a, gefe ɗaya ne kawai ya buɗe, alamar layin A ya mutu.

An ce gani ya kori ji, amma wannan gani bai isa ya raba gardama ba. Jirgin 737 da ya sauka ba tayoyi a kan injinansa yake zamewa, domin su ne mafi kusa da ƙasa, kuma gogar kwalta kaɗai tana iya jan murfi baya ba tare da ɗigon mai ya shiga ba. Ko da matuƙi ne ya buɗe shi, hakan na nuna akwai matsi a layin B ko a na ko-ta-kwana a wannan daƙiƙa, bai ce komai game da sauran jirgin ba. Bincike ya samu gashin tsuntsaye da jininsu a injinan biyu, kuma injin da ya haɗiye tsuntsaye zai iya juya famfo ya samar da matsi alhali ba shi da iskar kirki da zai juya gaba. Sannan maganar cewa rashin mai ne ya hana tayoyi fitowa ba ta zauna ba, domin a ƙasan ɗakin tuƙin 737 akwai hannaye uku da ake ja, sakatun tayoyi su saki, nauyinsu ya sauko da su. Abin da wannan ke buƙata shi ne lokaci da hannun da ba ya riƙe da wani aiki, kuma tsakanin kiran neman agaji da faɗuwa mintuna kaɗan ne. Na'urorin naɗar murya da bayanai biyu duka sun daina aiki kimanin minti huɗu kafin karon, abin da ya fi nuni ga matsalar lantarki. Mu ƙaddara ma ribas biyu sun buɗe da cikakken ƙarfi. Jirgin da ba tayoyi ba shi da birki ko kaɗan. Ya zo da gudun da ya wuce kima saboda ba a sauke leɓen fukafukai da ke ba jirgi damar sauka da ƙaramin gudu ba, kuma idan gudu ya ninka biyu ƙarfin da ake buƙatar kashewa yakan ninka huɗu. Ribas zai rage wani abu, amma neman ya maye gurbin birki da allunan fukafukai da titin da aka riga aka bari a baya ɗora masa kayan da ba nasa ba ne.

Akwai masu cewa to a raba ribas da mai gaba ɗaya mana. An daɗe da yin haka a wasu jirage, kuma yana da ranarsa. A Nuwamban 2003 makami mai linzami ya sami jirgin kaya Airbus A300 na DHL bayan tashinsa daga Bagadaza, man layukansa uku ya tsiyaye, matuƙa uku suka dawo da shi ƙasa da wutar injina kawai. Ribas ɗin irin injinsa da matsattsiyar iska yake aiki, don haka ya buɗe, ya taimaka suka tsaya bayan sun sauka daga titi cikin yashi, dukkansu a raye. Katafaren jirgin A380 kuma da lantarki ake buɗe nasa, kuma cikin injinansa huɗu biyun ciki ne kawai ke da ribas, wanda shi ma ya nuna matsayin da masu ƙera jirgi suka ba shi. Sai dai sauya abin da ke ture murfi bai kawar da dogaro ba, ya mayar da shi wani wuri ne kawai. Ranar 4 ga Nuwamban 2010 inji na biyu na A380 ɗin Qantas ya fashe bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzansa suka yanke wayoyi da bututu a fiffike, layin mai ɗaya cikin biyu ya tafi. Ribas ɗaya ne ya rage musu, na inji na uku. Birki ne ya tsayar da jirgin da mutum 469 a kusa da ƙarshen titi. Abin da ya yanke bututu yakan yanke waya, kuma ribas na lantarki ma sai an yi masa sakatun da za su hana shi buɗewa a sama.

Saboda haka idan ana neman inda za a kashe kuɗi don jirgin da ya rasa matsin mai ya tsira da mutanensa, ƙarshen titi ya fi murfin inji cancanta. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta wajabta a bar fili na aƙalla mita 90 bayan shingen titi, ta kuma ba da shawarar mita 240 ga manyan filaye, kuma duk abin da dole ne a dasa a wurin ya zama mai karyewa da sauƙi idan jirgi ya buge shi. Inda babu fili, akwai wani irin siminti mai burmawa da ake shimfiɗawa, tayoyi su nutse a ciki jirgi ya tsaya, kuma ba ya buƙatar mai ko lantarki ko hannun matuƙi. Filin Midway na Shikago ya shimfiɗa shi bayan wani 737 ya zarce titi cikin ƙanƙara a Disamban 2005 ya take mota, yaro ɗan shekara shida ya mutu. Congonhas ya kammala nasa a 2022, shekara 15 bayan haɗarinsa. Koriya ta Kudu kuwa, makonni kaɗan bayan Muan, ta sanar za ta rushe ko ta sauya irin waɗannan gine-ginen eriya a filayen jiragenta bakwai.